Ku Daina Sanya wa 'Ya'yan Mutane Lamba

Samarin Birnin Kudu da na Gwaram, da ku nake, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Kun ɗauko wata mummunar ɗabi'a kun rungume ta hannu bibbiyu: sanya wa 'ya'yan mutane lamba. Yarinya ta fito daga gidan ubanta za ta Islamiyya, ko za ta kai markaɗe, ko ta raka ƙawarta biki an ɗauke su hoto, kafin ta koma gida an gama zama a kanta a majalisa. Wannan ya ce shida ce, wancan ya ce ina, huɗu dai, na gefe ya taɓe baki ya ce shi ko uku bai ba ta ba. A kwashe da dariya, a tafa, a jawo hoto na gaba. Wulaƙanta ɗan Adam ne wannan, kuma kun san haka, tunda babu ɗayanku da zai iya maimaita lambar da ya faɗa a gaban yayan yarinyar.

Da abin ya tsaya a bakin tasha da teburin mai shayi na cikin gari, da da sauƙi. Yanzu kuwa duk inda sabis ya kai, shi ma ya kai. Daga Bamaina zuwa Kantoga da Sundimina, daga Sara zuwa Basirka da Fagam, in dai akwai shagon cajin waya da benci, ba a rasa masu ba da maki. Guruf ɗin WhatsApp da aka buɗe don zumuncin 'yan aji ɗaya, ko don tara gudummawar bikin aboki, ya koma wurin baje hotunan matan da ba su ma san ana yi ba.

Kuma kun ƙware. Tun ana ɗaya zuwa goma, yanzu kowace majalisa da nata ma'aunin. Akwai masu bin sakamakon WAEC: wance A1 ce, wance C6 ce ta tsallake da ƙyar, wance F9. Akwai masu auna mace da takardar kuɗi, wannan 'yar dubu ce, waccan 'yar hamsin ce da ta sha hannu. Akwai masu kiran sunan waya, daga iPhone zuwa 'yar ƙaramar nan mai tocila. 'Yan gidan gem sun ɗauko makin da ake ba 'yan ƙwallo a cikin wasan, suna cewa wance ta haura casa'in. Sai masu ji da kansu cewa sun san kwamfuta, da suka ce lamba goma ta yi yawa, biyu ta isa: ɗaya ko sifili. Ɗaya, wato zai kula ta. Sifili, wato ko kallo ba ta ishe shi ba. Mutum sukutum, da iyayenta da tarbiyyarta da haddarta da wahalar da aka sha aka raine ta, ka buɗe baki ka ce sifili.

Mafi muni shi ne wanda ake yi a kan idon yarinyar. Duk wanda ya zauna a ƙaramar sakandare an koya masa cewa kwamfuta da alamomi biyu kawai take ƙidaya, 0 da 1, kuma a wannan ƙidayar in aka rubuta 10, biyu ake nufi. Matasan Turawa suka mai da wannan abin zolaya a intanet, ku kuma kuka kwaso. Saurayi zai rubuta wa yarinya "ke 10 ce", ta ji daɗi har ta yi godiya, shi kuwa ya juya wurin abokansa ya ƙifta ido ya ce "a lissafin kwamfuta fa". Ita ta tafi da murna, su suna riƙe da ciki don dariya. Mai yin haka sunansa mai fuska biyu, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sa shi cikin mafi sharrin mutane. Malamin lissafin da ya tsaya gaban allo cikin zafin bazara, gumi na zuba, albashi bai taka kara ya karya ba, bai koya muku wannan darasi don ku ci mutuncin 'yar wani da shi ba.

Wani dare cikin hunturu na tsaya sayen burodi wurin wani mai shayi a gefen babban titin da ya ratsa Birnin Kudu. Samari ne a jere kan benci, sun haɗa kawuna kan waya ɗaya. Hoton ƙawayen amarya ne, sun yi ankon shuɗiyar atamfa, sun jeru a bakin wani zaure. Mai wayar yana buɗe hoton da yatsu biyu, yana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya.

"Mutumina, wannan fa?"

"Bakwai."

"Haba, kwalliya ce. In ta wanke fuska biyar ce."

"To ta ƙarshen nan?"

Wani ya kurɓi shayi ya ce, "Wannan ai rakiya ta yi."

Ta ƙarshen siririya ce, baƙa, ta ɗan sunkuyar da kai irin na mai kunyar kyamara, jan lalle a yatsunta, ta kama gefen mayafinta. Na ce da mai wayar, "Ɗana, wannan 'yar gidan wane ce?" Ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba, turo mana aka yi." Na ce, "Da a ce ƙanwarka ce fa?" Nan take fuskarsa ta canza, ya ce, "Haba Baba, ai ba a haka da ƙanwata."

To, ga hukunci nan daga bakinsa. Ya san zagi ne, ya san cin fuska ne, shi ya sa ya killace tasa ya saki ta wasu. Abin da ya manta shi ne, hoton ƙanwar tasa yana wata wayar a wata majalisar, kuma masu riƙe da shi su ma "turo musu aka yi".

Ku da kuke ganin kun zo da sabon yayi, ya kamata ku san kakannin wannan sana'a. A ƙarni na 19 wani Baturen Ingila mai suna Francis Galton ya riƙa bin titunan biranen ƙasarsu da takarda da allura a aljihu. Duk macen da ya wuce sai ya huda takardar a ɗaya daga gurabe uku: kyakkyawa, tsaka-tsaki ko mummuna. Wai taswirar kyau yake haɗawa, har ya ɗora Landan a sama. Wannan mutumin ne a 1883 ya raɗa wa aƙidar tace irin ɗan Adam suna, aƙidar da ke cewa wasu sun cancanci su haihu wasu ba su cancanta ba, wadda daga baya aka fake da ita aka hana dubban mutane haihuwa da ƙarfin tsiya a Amurka da Jamus. A 1979 wani fim ɗin Amurka mai suna 10 ya ƙara yaɗa kiran mace da lamba. A shekarar 2000 wasu samari biyu a Kalifoniya suka buɗe shafin intanet mai suna Hot or Not, inda ake ɗora hoto jama'a su ba da maki daga ɗaya zuwa goma. A 2003 Mark Zuckerberg, yana ɗalibi a Jami'ar Harvard, ya kwashi hotunan ɗalibai ba da izininsu ba, ya jera bibbiyu a wani abu da ya kira Facemash don a zaɓi wanda ya fi kyau. Cikin 'yan kwanaki jami'ar ta rufe shi, ta kira shi gaban kwamitin ladabtarwa. A watan Fabrairun 2004 ya buɗe Facebook. Ko a can, inda ba su da kunya irin tamu a kan mace, sun ga abin ya keta haddi. Abin da suka tsawatar wa ɗansu a kai shi kuka ɗauko kuke taƙama da shi a Kila da Farin Dutse.

Ba ma sai mun je Ingila ba. Ƙasar nan ta taɓa ganin zamanin da ake sanya wa jikin mutum lamba. Likitan nan Bajamushe, Gustav Nachtigal, da ya isa Kukawa ta Barno a 1870, ya rubuta yadda ake auna yara da taƙi a kasuwar bayi: mai taƙi biyar, mai taƙi shida, mai taƙi bakwai, kowanne da sunansa da kuɗinsa. 'Yan mata kuwa da surarsu ake yanka musu farashi. A Kano ma an sayar da mutane a kasuwa har zuwa 1903, kuma sai a 1936 doka ta kawo ƙarshen bauta gaba ɗaya a Arewa. Allah ya raba mu da wannan. Abin da ya rage yau da ake dubawa a yanka masa kuɗi shi ne dabba. Je ka kasuwar Sara ka ga dillali ya buɗe bakin tunkiya ya duba haƙori, ya matsa ƙugunta, ya ɗaga wutsiya, sannan ya yi tayi, mai ita ya ce albarka. Shi dillalin da yardar mai dabba yake yi, kuma la'ada yake nema ya kai cefane gida. Kai da kake wa 'yar mutane irin wannan dubawa, wa ya kawo maka ita, kuma me ka samu?

Kun je Islamiyya, wasunku ma sun sauke. To ku koma Suratul Hujurati. Aya ta 11 ta hana wasu su yi wa wasu izgili, ta hana aibata juna da jifan juna da munanan laƙabi, aya ta 12 kuma ta hana cin naman wanda ba ya nan. F9 laƙabi ne. Sifili laƙabi ne. Suratut Tini ta sanar da mu an halicci mutum a mafi kyawun tsari, Suratur Rumi kuma ta lissafa bambancin launukanmu cikin ayoyin Ubangiji, a jere da halittar sammai da ƙasa. Yarinyar da ka ba biyu, ita ta zana hancinta? Ita ta zaɓi launin fatarta ko tsayinta? Ka tsaya ka yi tunanin aikin Wanda kake ba maki.

Uwar muminai Nana A'isha ta taɓa yin magana ɗaya tak a kan gajartar kishiyarta Nana Safiyya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna mata cewa wannan kalma ta isa ta gurɓata ruwan teku. Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Kuma da Abdullahi ɗan Mas'udu ya hau bishiya iska ta bayyana sirantar ƙwaurinsa, sahabbai suka yi dariya, sai aka sanar da su cewa waɗannan ƙafafu sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'aunin lahira. In kalma ɗaya daga bakin Nana A'isha ta kai haka, ina ga wanda ya mai da abin hirar dare? Hadisin matsiyaci da Muslim ya ruwaito ya gama bayani: mutum zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci mutuncin waccan, sai a riƙa kwasar ladansa ana biya, in ya ƙare a ɗebo zunubansu a ɗora masa. Kowace yarinya da ka ba maki tana bin ka bashi.

Na san abin da za ku ce. "Baba, wasa ne fa." Wasa sai da yardar waɗanda ake yi da su. Muna da wasan tobassai, muna da na jika da kaka, muna da na Fulani da Barebari, kuma duk a gaban juna ake yi, kowa na da bakin ramawa. Wanda ake yi a bayan idon mutum, da hoton da aka sato daga sitatus ɗinta, ba ya cikin wannan sahu.

Za ku ce, "Ai ba ta ji ba." Da ma ita giba ke nan: ka faɗi abin da mutum zai ƙi a bayansa. In ka ce gaskiya ka faɗa, giba ce. In ƙarya ce, ka haɗa da ƙage. Kuma wa ya ce ba ta ji? A kowane guruf akwai wanda zai ɗauki hoton hirar ya tura wa ƙanwarsa, ita kuma ta tura wa ƙawarta. Magana zarar bunu ce tun ana faɗar ta da baki, balle yanzu da take zaune a rubuce cikin wayoyin mutum hamsin.

Za ku ce, "Ai addini ya yarda a kalli mace kafin aure, kuma kowa na son mai kyau." Gaskiya ne. An umarci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya ga wadda yake nema. Amma wannan ga mai neman aure ne da gaske, shi kaɗai, kuma abin da ya gani amana ne. In ta kwanta masa ya turo magabatansa, in ba ta kwanta masa ba ya janye ya kama bakinsa. Babu inda aka ce ya tara majalisa a kaɗa ƙuri'a. Son mai kyau ba laifi ba ne, sai dai kyan da ke idonka naka ne. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan ɗaruruwan tagwaye a Ostareliya ya nuna cewa ko tagwaye masu kama ɗaya kan saɓa a kan fuskar da ta fi burge su, kuma abin da kowa ya gani ya saba da shi a rayuwarsa shi ke gina zaɓinsa. Lambar da kake faɗa da ƙarfin gwiwa ba ta auna komai a jikin yarinyar. Abin da wayarka ta cusa maka take nunawa.

Ku duba ma waɗanda kuke ba tara da goma. Farare ne, ko waɗanda filta ta mayar farare. Masu babbar waya ne da kyamara mai gyara fuska, masu kuɗin zuwa wurin mai kwalliya, waɗanda ba sa shiga rana. Ku duba waɗanda kuke ba biyu da uku. Ita ce wadda ta wuni a gona wurin cirar zoɓo da kakkaɓar riɗi, ita ce mai ɗauko ƙwaryar nono daga ruga tun sanyin safiya, ita ce mai tsayuwa gaban wuta tana suyar ƙuli-ƙuli don a biya wa ƙannenta kuɗin littafi. Rana ta ƙona ta, kaushi ya fito mata, hotonta da 'yar ƙaramar waya aka ɗauka. Talauci kuke ba maki, kuma ku kanku 'ya'yan talakawa ne. Tuwon da kuka ci kafin ku fito majalisa, irin wannan hannun ne ya tuƙa shi.

Ga kuma inda ɓarnar take ɓullowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitar da alƙaluman da ke cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Mayukan nan da ake haɗawa a roba ba suna ba takarda, wasu na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu na ɗauke da magungunan da ke sirantar da fata har ciwo ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa, wasu kuma bayan shekaru sukan bar baƙin tabo a kumatu wanda ba ya fita. Wa ya tura matan ga mayukan nan? Mai cewa "fara ko mayya ce" shi ya tura su. Mai cewa "kalar gaban mota" shi ya tura su. Sannan in fuskar ta yi ja, gaɓoɓin yatsu suka yi baƙi, ku ne na farko da za ku ce mai kala biyu, ku rage mata maki. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san cewa kusan ɗaya cikin uku na 'yan matan da ke jin ba daɗi game da jikinsu sun ce manhajarsa ta Instagram na ƙara musu damuwar. Can kamfani ne ke yi don riba. Nan ku kuke yi wa 'yan unguwarku kyauta.

Na san wata yarinya a wani ƙauye a ƙasar Gwaram, mai fara'a ce, ita ce kan gaba a kowace hidimar dangi. Sai aka ga ta daina zuwa biki, in an ɗaga waya za a ɗauki hoto ta kauce. Wata rana innarta tana neman zani a akwatinta ta ci karo da wata 'yar roba a naɗe cikin ɗankwali, da wani farin mai mai warin magani a ciki. Kuɗin adashinta na wata da watanni ta zuba a kai. Da aka matsa mata, cikin kuka ta ce an nuna mata inda aka ba ta uku. Shekarunta goma sha shida. Wanda ya rubuta ukun nan na tabbata ya manta ya rubuta.

Ku kanku ba ku tsira ba. Saurayi na son yarinya tsakani da Allah, ya san halinta, ya san gidansu, amma don abokai sun ce huɗu ce sai ya fara jin kunyar a gan shi a ƙofar gidansu, a ƙarshe ya sulale. Ya bar zaɓin zuciyarsa don bakin mutanen da ba za su ba shi ko mudun gero ba ranar da gida ya rikice. Wanda kuma ya saba ba da maki ba ya dainawa don an ɗaura masa aure. Matarsa za ta yi ciki, ta haihu, ta yi jego, jiki ya canza kamar yadda Allah ya tsara, shi kuwa yana kwance yana gwada ta da hotunan da aka tace. Daga nan raini ke farawa, daga raini sai yaji, daga yaji sai takarda.

'Yan mata, ku ma ba zan tsallake ku ba. Kuna da naku guruf ɗin, kuna ba angwaye maki da tsayi da mota da aljihu, kuna ba amare maki da lefe. Wata da hannunta za ta ɗora hotonta ta ce a ba ta maki, wata kuma ta tura hoton ƙawarta ga samari don ta ji an kushe ta. Hadisin da Buhari ya ruwaito ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama tamkar yana ganin ta. To ina ga tura hoton gaba ɗaya? Darajarki ta fi ƙarfin ki miƙa ta ga wanda ko sunanki bai sani ba ya yanka mata farashi.

Iyaye mata, a yi haƙuri, tushen abin a ɗakunanku yake. Tun kafin waya ta zo ake cewa a gidan biki, "Amaryar dai ba laifi, sai dai baƙa ce." A gidan suna ana buɗe kunnen jaririya a ga ko za ta yi duhu. Goggo za ta zo ta ɗauki farar ta yi mata rawa, ta ce da baƙar "ke wa kika biyo?" Yaron da ya taso yana jin wannan, lamba kawai waya ta ƙara masa. Iyaye maza kuma, kun sayi waya kun ba yaro, ba ku taɓa tambayar me ke cikinta ba. Kuna wuce majalisar kullum in za ku masallaci, kuna jin shewa, kuna cewa yara ne.

In lissafi kuke so, akwai lambobin da shari'a ta jingina wa mace, suna nan a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. 'Ya mace in ita kaɗai ce tana da rabi. In su biyu ne ko fiye, ba ɗa namiji, suna da biyu bisa uku. Uwa tana da sudusi in mamaci ya bar ɗa. Matar aure tana da rubu'i, ko tumunin takaba in akwai 'ya'ya. Kowace lamba cikin waɗannan haƙƙinta ce da za a ba ta. A ƙauyukanmu gonaki nawa ne ke hannun maza shekara da shekaru, goggonninku da yayyenku ba a fitar musu da nasu ba? Ga inda ake buƙatar mai kaifin lissafi. Ka zauna da malamin gado ka koyi yadda ake fitar da asalin mas'ala, ka taimaka a ba gwauruwar unguwarku tumuninta. Ƙasar Hausa ta fitar da Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda har yau ake nazarin rubutunsa. Ba a san shi da ƙirga hancin 'yan mata ba.

Birnin Kudu gari ne da aka sani da ilimi. Nan Kwalejin Gwamnati take, inda Aliko Dangote ya yi karatu. Nan Cibiyar Lafiya ta Tarayya take, inda mata likitoci da nas-nas da ungozoma ke kwana a tsaye. Ranar da aka kawo mahaifiyarka cikin dare numfashi na sama-sama, ba za ka tambayi makin wadda ta sa mata ruwa ba. Mu ne kuma masu Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda zanen mutanen da ya kwashe ɗaruruwan shekaru bai goge ba, don haka mun fi kowa sanin abin da Bahaushe ke nufi da hali zanen dutse. Wanda zai zaɓi uwar 'ya'yansa, can ya kamata ya zuba ido.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake ba. Kowa ya buɗe wayarsa ya goge hoton duk macen da ba muharramarsa ba ce, wadda ba ta ba shi da hannunta ba. Wanda ya san maganarsa ta kai kunnen wadda ya kushe, ya nemi yafiyarta ta hanyar da ba za ta ƙara tona mata asiri ba. Wadda ba ta ji ba, ya yi tuba ya riƙa yi mata addu'ar alheri. Shugaban guruf ya sani shi ne mai zauren, abin da aka yi a ciki da yardarsa aka yi: ya yi gargaɗi sau ɗaya, na biyu ya cire mutum. Limamai su ambaci abin da sunansa a huɗubar Juma'a, kada a tsaya ga "a ji tsoron Allah" a dunƙule, yaran ba sa gane da su ake. Malaman makaranta su faɗa a taron safe. Masu unguwanni da dagatai su kira shugabannin majalisun matasa su ja musu kunne. Wanda ya ƙi ji, ya sani kundin Final Kod da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya tanadi hukunci ga mai furuci ko ishara don keta mutuncin mace, kuma uban yarinya na da damar kai ƙara.

Amma bai kamata a kai ga kotu ba. A kowace majalisa akwai mutum ɗaya da abin ke damun sa, yana dariyar yaƙe don kada a ce ya cika wa'azi. Kai nake wa magana. Shirunka ne ke ba sauran ƙarfi. Za su ce maka ustaz, za su ce ka fiye tsanani, kwana biyu ne su saba. In an turo hoto an ce "nawa?", ka ce 'yar wani ce, a goge, kuma kada ka tashi daga wurin sai an goge.